Lissafin lakkol da lissafin kasuwa: me ya sa uba ya kasa taya ɗansa aikin gida?

Duk ɗan kasuwar da ke da yaro a lakkol, a Kwanni yake ko a Maraɗi, a Ɗan Isa, Magarya ko Gaya, ya san wannan dare. An idar da sallar lisha, an ci tuwo, yaro ya ɗauko kaye da bik ya zauna kusa da fitila yana ta juya takarda. Uba ya ce kawo in gani. Mutumin da ya wuni yana juya sefa zuwa naira da ka, wanda bai taɓa yin kuskuren dala ɗaya a cinikin buhu hamsin ba, ya dubi lissafin aji uku ya faɗi amsa nan take, ya kuma nuna wa yaron yadda ake rubuta ta. Sai yaron ya girgiza kai ya ce ba haka mushe ya koya musu ba. Gobe kuma a dawo da kaye da jan layi a kan aikin, alhali amsar daidai take.

Wannan koke ne da muke yawan ji a rumfuna da tashoshin mota na kan iyaka, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Daga irinsa ne uba ke yanke shawarar cire yaro daga makaranta ya zaunar da shi a shago, yana cewa lissafin da ake bukata ai ga shi nan a kasuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu duba inda wannan matsala ta samo asali, da abin da ke hannunmu mu iyaye.

Amsa ɗaya, hanya uku

Bari mu ɗauki ƙaramin misali: a cire 38 daga 52. Wanda ya yi lakkol a zamanin da, ga yadda aka koya masa: 8 ba ta fita daga 2, sai a ce 8 daga 12 saura 4, a riƙe 1, a ɗora ta a kan 3 ta ƙasa ta zama 4, sannan 4 daga 5 saura 1. Amsa 14. Yaron da aka koya wa ɗaya hanyar kuwa zai soke 5 ɗin ya mayar da ita 4, ya ari goma guda ya kai wa 2 ta zama 12, ya cire 8 saura 4, sannan ya cire 3 daga 4 saura 1. Amsa 14. Ɗan kasuwa bai bi ko ɗaya daga ciki ba. Shi daga 38 zai tashi, ya ƙara 2 ta cika 40, ya ƙara 10 ta kai 50, ya ƙara 2 ta kai 52, ya haɗa abin da ya ƙara ya samu 14, kamar yadda yake ƙirga wa mai saye canji a tafin hannu.

Dukkan hanyoyin nan uku ingantattu ne. Ta farko ta fi sauri a takarda, amma yawancin waɗanda suka iya ta ba za su iya gaya maka dalilin da ya sa ake ɗora 1 a ƙasa ba. Ta biyu ta fi sauƙin bayani ga ƙaramin yaro, domin yana iya ganinta da ido idan aka kwance ƙullin tsinke goma, amma tana rikicewa idan sifili ya yi yawa, kamar a cire 3650 daga 5000. Ta uku ita ce ta fi kowace sauri a ka. Rigimar tana tasowa ne lokacin da uba ya san ɗaya, malami ya san ɗaya, kuma kowannensu ya ɗauka tasa ce kaɗai lissafi.

A kan iyaka abin ya ninka, domin gida ɗaya kan haɗa mai karatu a lakkol da mai karatu a makarantar boko ta Nijeriya, a Illela ko Jibiya ko Daura. A tsarin Faransanci, idan za a yi rabawa, adadin da za a raba yana hagu, a ja layi a tsaye, mai rabawa yana dama ta sama, amsa ta fito a ƙarƙashinsa. A tsarin Ingilishi mai rabawa ne ke hagu, adadin da za a raba yana ƙarƙashin rumfa, amsa kuma a bisa rumfar. Wa ya zo hutu daga Katsina zai taya ƙanensa na Maraɗi aiki, sai su ɓuge da gardama a kan inda ake ajiye lamba. Biyu da rabi a lakkol 2,5 ne da waƙafi, a boko 2.5 ne da ɗigo. Ɗigon da ɗan boko zai karanta a matsayin ɗaya da kwata a 1.250, a rasidin Yamai dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin yake nufi. Abin da ake kira miliyar a wannan gefe, biliyan ake ce masa a wancan. Wanda ya taɓa karɓar takardar kaya daga Kwatano ya kai ta Kano ya san irin asarar da ɗigo ɗaya ke iya jawowa.

Dala da tamma

Akwai kuma wani nauyi da yaranmu ke ɗauke da shi wanda masu rubuta littattafai ba su cika kula da shi ba. A littafin lakkol kuɗi da tamma ake ƙirga shi, a kasuwa kuwa da dala, kuma kowace dala tamma biyar ce. Abin da littafi ya kira 100, uwar yaro dala ashirin take ce masa. Abin da aka rubuta 500 dala ɗari ne, 1000 kuma jika guda ce, wato dala metan. Saboda haka yarinyar da aka aika sayen kayan miya tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar kullum, tun kafin a kai ga darasin rabawa a aji. Idan mai saye ya ɗauki kayan 3650 ya miƙa takardar 5000, mai shago a ransa cewa yake jika uku da dala ɗari da talatin, canji jika ɗaya da dala saba'in, yaron da ke rubuta littafin shago kuma dole ya mayar da shi 1350. Da an tsallaka iyaka kalmar ta sake ma'ana, domin jaka a bakin dattawan Nijeriya fam ɗari ce ta da, wato naira 200.

Ga kuma harshe. Yaron da ya shiga ajin farko bai san Faransanci ba, kuma a cikinsa ake son ya koyi ƙirga. Da Hausa 97 casa'in da bakwai ne, kalma biyu, kowace ta yi daidai da lambarta. Da Faransanci sai an ce huɗu, ashirin, goma, bakwai, wato ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Ba abin mamaki ba ne idan malami ya faɗi adadin yaro ya fara rubuta 4. Haka ma awo: littafi yana maganar kilo da mita, kasuwa tana maganar tiya da buhu da yadi. Ɗan hatsi ya san buhun gero kan ɗauki kamar tiya 40, idan aka ce tiya dala 130 ce, kafin ka buɗe baki ya gaya maka buhu jika 26. Ɗan atamfa ya san yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, don haka yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba. Wannan duka lissafi ne na gaske, sai dai ba ya shiga aji.

Canjin bai fara yau ba

Masu cewa a koma tsohuwar hanya sai mu tambaye su, wace daga ciki? Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta shiga gyaran koyar da lissafi a makarantunta, aka fito da abin da aka kira sabon lissafi. A Faransa an kafa kwamiti a ƙarƙashin masani Andre Lichnerowicz a 1967, a 1970 kuma sabon tsarin ya shiga makarantun firamare. Maimakon haddar sau da yawan aikin tarawa, sai aka fara da zana da'ira ana zuba abubuwa rukuni-rukuni, ana jan kibiya daga wannan zuwa wancan, ana koya wa yara ƙirga bibbiyu ko biyar-biyar a madadin goma-goma. Iyaye a can ma sun yi irin kukan da muke yi yau, har aka janye mafi yawan tsarin a farkon shekarun 1980. Ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, da yake littattafansu da masu horar da malamansu daga can suke zuwa, sun sha daga wannan ƙwarya.

Ƙasashe masu aiki da Ingilishi su ma ba su tsira ba. Tun 1962 aka riƙa taron masana a Entebbe ta ƙasar Uganda, da tallafin Amurka, ana rubuta littattafan sabon lissafi domin Afirka. Nijeriya ta karɓa, amma malaman da aka horar ba su kai ko'ina ba. A watan Janairu na 1977, a wani taro a birnin Benin, kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali ya sanar da soke shi. Kafin nan ma, ranar 1 ga Janairu 1973, an bar fam da sule aka koma naira da kobo. Iyayen da suka sha bulala wajen haddace kobo 12 sule guda, sule 20 fam guda, da sisi da taro, suka wayi gari ƴaƴansu ba su da bukatar wannan hadda ko kaɗan.

A nan Nijar an gwada koyarwa ta talabijin daga 1964 har zuwa ƙarshen shekarun 1970. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. An kawo sababbin tsare-tsaren karatu a ƙarshen shekarun 1980, aka yi dokar tsarin ilimi a 1998, shirin ilimi na shekara goma ya fara a 2003. A 2015 aka soma gwada wani sabon tsari a makarantu 500, wanda ke farawa da harshen uwa, yana kuma gina darasi a kan wani hali na rayuwa da yaro ya sani kafin a kai ga ƙa'ida. Jarabawar sartifika ta ƙarshen firamare an soke ta, aka yi kimanin shekara goma babu ita, sannan aka maido ta a 2024. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A ɗaya gefen kuwa, Nijeriya ta amince a 2022 cewa a koyar da ƴan firamare da harshen uwa, sai ga shi a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye wannan manufa.

Idan muka jera waɗannan shekaru za mu ga da wuya kaka da uba da jika su zama hanya ɗaya aka koya musu. Kuma a duk sauyin nan, a ofis ake yanke shawara, a tara malamai horon ƴan kwanaki, littafi ya iso a makare ko ya iso aji ɗaya bai isa na kusa da shi ba. Uban yaro kuwa a kayen ɗansa yake fara ganin labarin. Fushinsa yana da dalili.

Inda ciwon yake

Sai dai idan za mu gaya wa kanmu gaskiya, inda ake ajiye lamba a takarda shi ne ƙaramin ciwo. Babban shi ne yara suna gama aji shida ba su iya ko ɗaya daga hanyoyin ba. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashe masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa waɗanda suka kai matakin da ake bukata a lissafi cikin masu gama firamare a Nijar ba su kai 10 cikin 100 ba, kuma ƙasar ce ta zo ƙarshe cikin ƙasashe goma. A zagayen 2019 an samu ci gaba, adadin ya haura 20 cikin 100, amma wannan na nufin a cikin yara biyar kusan huɗu suna ƙasa da mataki.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka riƙa buɗe makarantu da sauri ana cika su da malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi, da yawa ba su samu horo mai tsawo ba. Da ma'aikatar ilimin firamare a ƙarƙashin minista Daouda Mamadou Marthe ta yi musu jarabawa a 2017, mafi yawansu ba su samu rabin maki ba. Malamin da shi kansa bai zauna daram a kan lissafi ba, idan aka miƙa masa sabon littafi, abin da zai yi shi ne ya riƙe hanyar da ke ciki gam, ya ja jan layi a kan duk abin da bai yi kama da ita ba, domin ba shi da ƙarfin da zai duba wata hanya ya gane daidai ce. Ga azuzuwan zana da ba a shiga sai an gama girbi, ga yajin aiki, ga aji mai yara tamanin. Kowace hanya aka kawo, tsohuwa ko sabuwa, cikin wannan hali za ta faɗa.

To, sai a bar su a shago?

Nan ne muke son mai karatu ya ɗan dakata. A 2025 wasu masana, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kasuwannin Kolkata da Delhi na ƙasar Indiya. Sun aika masu saye wurin yara fiye da dubu ɗaya masu sayar da kaya, suka tarar kusan dukkansu suna fitar da kuɗi da canji daidai, da ka, ba takarda. Da aka ba su lissafi mai sauƙi a rubuce irin na makaranta, akasarinsu suka kasa. Ƴan makarantar da ba su taɓa ciniki ba kuwa sun yi ƙoƙari a takarda, amma da aka kawo musu lissafi irin na kasuwa suka rikice. An taɓa ganin irin haka a birnin Recife na ƙasar Brazil a shekarun 1980, wurin yara masu talla.

Darasin a fili yake: lissafin shago ba ya haye wa takarda da kansa, na takarda ma ba ya sauka shago da kansa. Kasuwar yau kuwa duka biyun take nema. Dattawanmu sun tuna ranar 12 ga Janairu 1994 da aka karya darajar sefa da rabi, suka kwana da bashi suka tashi da ninkinsa. Tun 1999 sefa ke ɗaure da yuro a kan 655,957, lamba mai waƙafi wadda ba a ƙirga ta da yatsu. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, kowa ya ga yadda canji ya riƙa sauyawa tsakanin safe da yamma. Takardar duwan da kashi cikin ɗari take magana, haka takardar banki, haka kuɗin da ake cira wajen aika kuɗi ta waya. Na'urar lissafi da ke cikin salula ba ta san an danna sifili fiye da kima ba, sai mai ita ya riga ya san kusan inda amsa za ta faɗa. Ko ta fuskar addini, fitar da ɗaya cikin arba'in na zakkar dukiya da rabon gado mai tumuni da sudusi aikin rabawa ne. Yaron da ya tsaya a lissafin ka kaɗai, duk wayonsa, wata rana wani ne zai karanta masa takarda, kuma abin da aka gaya masa shi zai yarda da shi.

Wani abin da zai ba iyaye mamaki shi ne, da yawa daga cikin abin da ake kira sabuwar hanya, kamar farfasa adadi zuwa ɗari da goma da ɗaya-ɗaya, ko tashi daga ƙaramin adadi a haura zuwa babba a kan layi, shi ne dai abin da ɗan kasuwa ke yi a kansa, aka zana shi a takarda. Uban da ya ce bai gane zanen ba, da za a karanta masa da Hausa a sa masa jika da dala a ciki, shi zai gyara wa malamin.

Abin da ke hannunmu

Na farko, kada mu ce wa yaro malaminsa bai iya ba, ko mu tilasta masa hanyarmu a kayen makaranta. Ya yi aikin yadda aka koya masa, mu kuma mu yi namu da ka, a gwada amsa. Idan sun zo ɗaya, yaro ya ga hanya biyu sun kai gari ɗaya. Idan sun saɓa, a bi sawu tare har a gano inda aka kauce. Uban da bai taɓa shiga aji ba ma yana iya wannan.

Na biyu, a ba yaro littafin shago ranar da babu makaranta. Ya ji ciniki da dala ya rubuta da tamma, ya tara na yini, ya cire uwar kuɗi ya fitar da riba. Wannan ce gadar da ta ɓace tsakanin aji da kasuwa, kuma babu wanda ya fi mu kayan gina ta. Haddar sau ma kada a yi wasa da ita, domin babu tsarin da ya hana ta, kuma babu rabawar da za ta yiwu ba tare da ita ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, mu daina barin kujerarmu a kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da kojes. Tun 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta tallafa wa wani shiri a Nijar na ƙarfafa waɗannan kwamitoci, daga baya aka ƙara masa wani sashe mai sauƙin fahimta: a yi wa yara gwajin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, a karanta sakamakon a gaban taron gari, sannan jama'a su shirya awoyin ƙari inda yara ke aiki da littafin atisaye kowa daidai matakinsa. Wannan abu ne da ƴan kasuwar gari ɗaya za su iya ɗaukar nauyinsa da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa kaɗan ba. A irin wannan taro ne kuma za mu roƙi darekta ya ware yini guda a farkon shekara, malami ya tsaya a gaban allo ya nuna wa iyaye da Hausa yadda zai koyar da ɗebewa da rabawa.

Ga hukumomi kuwa, kiranmu bai wuce biyu ba. Duk tsarin da aka zaɓa a bar shi ya daɗe har malamai su ƙware a kansa, littafi ya isa ko'ina. Sannan a gaya wa masu duba malamai cewa yaron da ya kawo amsa daidai, ya kuma iya bayyana yadda ya same ta, bai cancanci jan layi ba don kawai hanyarsa ba ta cikin littafi. Masu rubuta littattafai a INDRAP su ma su tuna cewa yaran da suke rubuta wa da dala da tiya suka tashi.

Ruwa ba ya tsami banza, kukan iyaye yana da tushe. Amma ranar da za mu miƙa wa ƴaƴanmu makullin shago, ba za a tambaye su ko a sama suka ari goma ko a ƙasa suka ɗora ɗaya ba. Abin da za a duba shi ne ko lissafi ya fita, a ka da kuma a takarda. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya sa mu dace.